Wa Za Ta Wanke Goggo Husainatu

Haidarabad, Indiya
4 ga Yuni

Goggo Husainatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Wurno, ya jiki? Baba ya faɗa mini daga Goronyo cewa kunnen ya ƙara nauyi har kin daina ɗaga waya. Wai in ina son magana da ke sai in rubuta a takarda, in ɗauki hotonta in turo, ke ma haka za ki yi. To ga ta nan, tsohuwar malamar firamare. Don Allah kar ki sa mini jan biro.

Ni lafiyata ƙalau, sai kaɗaici. Tun da annoba ta sa aka rufe azuzuwa, daga ɗaki sai ɗaki. Wata uku ke nan ban yi Hausa da kowa baki da baki ba. Jiya na kama kaina ina gai da buta.

Goggo, a karatunmu na sanin zaman al'umma mun shiga wata kalma tasu, dharma. Malamarmu ta kwashe mako biyu tana warware ta. Abin da na fahimta shi ne, kowane mutum akwai abin da ya hau kansa gwargwadon inda ya tsinci kansa cikin jama'a. Uba da nasa, ɗalibi da nasa, mai shara da nasa, wai kuma da haka duniya take tsaye. Ta ba mu labarin masu ƙona gawa a wasu garuruwansu, waɗanda ake haifa cikin aikin. Kowa sai ya bi ta hannunsu, amma mutane da yawa ba sa cin abinci da su.

Ina jin haka sai kika faɗo mini a rai. Tun ina ƙarama na san in mace ta rasu a unguwarku ke ake kira, amma ban taɓa tambayarki komi ba. Haifarki aka yi cikin wankan gawa, ko ke kika zaɓa? Mutane suna gudunki? Kuma mi ake yi a ɗakin nan bayan an saki labule? Ina so in san aikin nan yadda kika san shi.

Ɗiyarki,
Khaulat

Wurno
11 ga Yuni

Ɗiyata Khaulat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lahiya lau muke. An yi ruwa sau biyu, mutanen Lahodu har sun yi shuka. Kunne kam ya tahi abinsa, hannun dama ko yana shirin bin shi, yatsu sun ƙage awa ƙahwar kaza. In kin ga rubutuna yana hawa tudu, ba ni ba ce, su ne.

Jan biro na aje shi tun da na bar aiki. Amma ke da buta, Allah shi kyauta! Ki gaishe mini da ita.

Wagga kalma taku ban san ta ba, ban kuwa shiga addinin mutane. Mu abin da munka karanta, farilla iri biyu ce. Akwai wadda ke kan kowa da kowa, awa salla. Akwai kuma wadda ke kan gari baki ɗai: in mutum guda ya tashi ya yi ta, ya sauke ma kowa, in ba wanda ya yi, dut garin ya ɗauki laihi, har mai barci. Wankan mamaci cikin ta biyu yake. Ba a haihuwar kowa da shi, ba gado ba ne awa ƙira ko wanzanci. Ranar da na shiga ɗaki da ƙwarya, matan unguwa duka nike sauke ma kaya, ko sun sani ko ba su sani ba. Da wanga tunani na rayu, shi ne ke tashe ni da sahe.

Kin ce ko ana guduna. A'a, ana gaishe ni har ƙasa. Sai dai in na biyo ta gidan da ake jinya, tun daga zaure za a tare ni a ce mai jiki ta samu barci. Wata rana na je duba wata tsohuwa ƙawata, tana ganina bakin ƙohwa sai ta hwashe da kuka, ta ce, "Husainatu, tun yanzu?" Daga ranar na bar zuwa dubiya, yau shekara goma sha ɗaya. Bikin suna ma sai an watse nike zuwa barka. Ba wanda ya hana ni, ni na gane.

Malam maigidana ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba, gidan ga daga ni sai kaji. Kin rubuta kaɗaici, ni ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Amma Khaulat, wagga takarda taki sau shidda na karanta ta. Layin ƙarshen nan, wallahi sai da na yi sujada. Tambayi dut abin da kike so.

Goggonki

Haidarabad
2 ga Yuli

Goggo,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin amsarki, na yi dariya, na kuma yi hawaye wajen ƙawar nan taki. Allah ya sauwaƙe hannun. Kina shafa maganin da Baba ya aiko?

Maganar farillar gari ta tsaya mini. Malamarmu ta ce ba ta taɓa jin an faɗe ta haka ba, cewa mutum guda yana ɗauke wa dubu nauyi su kuma ba su sani ba. Yanzu tsarin nake so, daki-daki. Da mi ake farawa? Ruwa nawa, mi ake zubawa a ciki? Gashi fa? In kika ga wani abu a jikin mamaciya, wa kike faɗa wa? Kar ki bar komi, ko ƙarami ne.

Khaulat

Wurno
20 ga Agusta

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa. Ki gahwarta jinkiri, mata uku na wanke cikin watan ga, hannun ya kumbura, biro ya gagare ni. Ta ukun sai da na sa gwiwar hannu na juya ta. Na ji kunyarta ƙwarai.

Ga tsarin, ki riƙe. Mutum biyu sun isa, mai wanki da mai zuba ruwa, sauran a fita. A ruhe ta da zane, ba a yaye shi har a gama. A ɗan ɗaga ta a shahi ciki a hankali. Ki naɗe hannunki da tsumma ki yi mata tsarki ta ƙarƙashin zanen. Sai alwalla irin ta salla. A tsehe kitso a wanke kai. Ruwan a dama shi da ganyen magarya dakakke, a hwara da ɓangaren dama, sannan hagu. Sau uku, in bai isa ba biyat, ba a tsayawa kan adadin da ya rabu biyu. Ruwan ƙarshe da kahur. Gashi a yi mashi kitso uku a maida baya. Ruwa kada shi yi sanyi, kada shi yi zahi, ki taɓa ta yadda kike so a taɓa ki. Ni ina yi musu magana, in ce, "Wance, za mu juya ki." Wanga ba cikin littahi yake ba, nawa ne.

Abin da kinka gani kuwa, in mai kyau ne ki hwaɗi, in ba haka ba ya mutu da ke. Ko mijinta ba ya ji.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa ni sujada. Wanga aiki a unguwarmu ba a zaɓen mai yin shi, ba a kuma roƙon kowa, don wadda anka tilasta ba ta tausaya ma gawa. Jira ake wata ta tambaya da kanta. Ni ina amarya na tambayi Inna Fatima, mai wanki ta lokacin, don mi ake sa magarya. Ta dube ni ta ce, "Gobe ki zo da buta." Shi ke nan. Ita ma haka ta samu. Wadda ta tambaya ta sani, wadda ta sani kuwa ya hau kanta. Shekara talatin da huɗu ina jiran tambaya, matan yanzu ko ruwa sunka zuba mini kansu na kallon bango. Har na hidda rai, ina cewa ni in na mutu sai dai a watsa mini ruwa awa doki. Sai ga ta daga Indiya!

Ranar Asabar, wajen karatun matan unguwa, na tashi na ce ɗiyar ƙanena Shittu ta tambaya, in ta gama karatu za ta zo ta ɗauki buta. Hajiya Mansura matar liman har guɗa ta yi, tsohuwa da ita. An yi miki addu'a mai yawa.

Goggonki mai murna

Haidarabad
13 ga Satumba

Goggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi. Kwana ashirin ina juya wannan takarda, ban san ta inda zan fara ba.

Goggo, ban tambaya don in ɗauki buta ba. An ba mu aiki ne a makaranta, kowa ya rubuta a kan wani aikin garinsu da jama'a ba sa iya zama babu shi. Na ɓoye miki don na san masu wanki ba sa son a baza sirrinsu, na ji tsoron ki ƙi. Laifina ne wannan, na amsa.

Amma ke ma, ya za ki tashi gaban mata ki ba da ni ba ki tambaye ni ba? Ni da ko fuskar Innarmu ban iya dubawa ba ranar da kika wanke ta. Kin ce ba a haifar kowa da aikin, to mi ya raba shi da na mutanen nan, in tambaya ɗaya ta isa ta ɗaure mutum har mutuwarsa? Abin da na ƙi a dharma ke nan tun farko, a yanka wa mutum rayuwa a miƙa masa. Na samu gurbin ci gaba da karatu, shekara huɗu nan gaba. Bayan nan koyarwa nake so, ita ma ai hidimar jama'a ce. Ba na son ranar da za a gan ni a ƙofa a ce mai jiki ta samu barci. Ke ba ki da kowa sai aikin nan, ni ina da abin da nake so in zama.

Don Allah ki koma ki gaya musu.

Khaulat

Haidarabad
6 ga Oktoba

Goggo,

Sallama. Na ji a labarai an yanke sabis ɗin waya a Wurno da Rabah da Goronyo saboda tsaro. Baba ma ba ya samuwa. Na san wannan takarda za ta tsaya a hanya, amma zan tura.

Waya ta nuna mini kin buɗe waccan tun ranar da na aiko, kwana biyar kafin a yanke. Kwana biyar, Goggo, ko kalma. Na sake karanta abin da na rubuta, layin nan na ƙarshe ba ɗiyar kirki ce ta rubuta shi ba. Maganata tana nan, ba zan iya aikin ba, amma ba haka ya kamata in faɗa ba. Ki yafe mini. Ki zage ni ma, ya fi mini wannan shirun.

Khaulat

Haidarabad
29 ga Oktoba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ban san ko kina lafiya ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talata da hantsi wani bawan Allah ya kira ni, Malam Zaharadeen, mutumin Rabah. Ya kawo matarsa Mashkura asibiti nan garin, ciwon ƙoda, wata biyu suna jinya, da asuba ta cika. Ya samu lambata wajen ƙungiyar ɗalibai. Kai ta gida bai yiwu ba, nan za a rufe ta. Akwai Musulmi da yawa a garin, akwai mata masu wanki, amma ya ce Mashkura ta roƙe shi abu ɗaya: kar a wanke ta da hannun da ba zai iya kiran sunanta daidai ba. Ya ce, "Ɗiyata, an ce ke 'yar Sakkwato ce. Kin san yadda ake yi?"

Goggo, da na ce ban sani ba, da ya yarda. Ba wanda zai kama ni. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga ƙarya ce tsagwaronta, ga takardarki cikin wayata daki-daki. Mata 'yan gida da ke garin nan ba mu fi biyar ba, kuma ni kaɗai na sani. Na kira lambarki sau tara, ina sane ba za ta shiga ba, ina sane ko ta shiga ba za ki ji ni ba.

A ɗakin wanka na wani masallaci aka yi. Wata tsohuwa 'yar nan ce ta zuba mini ruwa, ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu. Na nuna mata hoton ganyen magarya, sai ta fita ta tsinko shi a bayan masallacin. Ashe itacen nan har nan yana fitowa. Na ɗaga zanen kanta, na dubi fuskarta. Ba ta girme ni sosai ba, da sauran lalle a farcenta. Sai na ji bakina ya ce, "Mashkura, sannu, ni ce Khaulat, daga Goronyo. Za mu juya ki." Daga nan na kama aiki. Na yi sau uku, na ƙarshe da kafur, na yi mata kitso uku. Ban san ko na yi kuskure ba.

Da na fito, mijin ya dube ni, ya kama bango. Na dawo ɗaki, ba wanda zan gaya wa. A duniyar nan ke kaɗai za ki gane yadda hannuna yake ji yau.

Har yanzu ba zan ce zan ɗauki butar unguwa ba, kar in sake yi miki ƙarya. Ban ƙara yarda a yanka wa mutum rayuwa ba. Sai dai na ga ranar Talata ba wanda ya yanka mini komi, abin ya zo ne kawai ya tarar ni ce a wurin. Amma abu ɗaya na yi alkawari: ke ba za a watsa miki ruwa ba. Duk inda nake, ni zan wanke ki.

Ɗiyarki,
Khaulat

Sakkwato
17 ga Nuwamba

Ɗiyata Khaulat,

Wa alaikumus salam. Ina raye, kwantar da hankalinki. Babanki ma lahiya lau, an gan shi kasuwar Goronyo. Yau na shigo mota zuwa birni a duba mini hannu, muna kawowa kusa da gari waya ta kama kuka cikin jaka, takardunki biyu sunka shigo tare. Ga ni zaune kan benci ina rubuta wagga, kahin motar Wurno ta cika.

Kwana biyat da kinka ƙirga, rubutawa nike ina yagawa. Maganarki ta yi mini ciwo ƙwarai, ba don ƙarya ce ba. Na yahe miki tun ranar, ke ma ki yahe mini, na ba da abin da ba nawa ba. Asabar ɗin da ta biyo na tashi gaban mata na ce ni na yi gaggawa, yarinya karatunta ta kai. Kowa ta sunkuyar da kai. Na ɗan tsaya ko wata za ta tambayi wani abu. Sai Hajiya Mansura ta ce a shahwa fatiha.

Allah shi jiƙan Mashkura, shi ba mijinta haƙuri. Ba ki yi kuskure ba. Ranar Talatar nan kin sauke ma Rabah da Wurno da Goronyo kaya suna can ba su sani ba. Ni na sani. Rubuta takardarki ta makaranta, ban hana ba, amma abin da kinka gani ƙarƙashin zanen kada shi shiga ciki. Ki yi karatunki na shekara huɗu, ki koyar. Ban ɗaure ki ba, ba kuma zan sake ba da ke ba.

Sai alkawarin da kinka yi. Khaulat, kwance shi, ban karɓa ba. Kin manta garinku? In na cika da hantsi, kahin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ke ko kwana biyu gare ki a hanya in an samu jirgi, in ma labarin ya kai miki. Ni da bakina na sha hana a jinkirta gawa don wani na tahe, ba zan so a yi don ni ba. Ba za ki wanke ni ba, ɗiyata. Gara ki ji shi daga gare ni yanzu da ki ɗauki laihin da ba naki ba daga baya. Na rubuta tsarin da manyan baƙaƙe na manna bayan ƙohwar ɗakina. Wadda Allah ya turo ranar, ta karanta ta yi iyakar yinta.

Amma tunda kin miƙo hannu, ina da roƙo, ban taɓa yi ma kowa shi ba. Wata huɗu ke nan hannuna bai kai ƙeya ba. Kitson da ke kaina tun na babbar salla ne. Matan unguwa suna girmama ni, amma ba wadda zan iya ce ma ta taɓa ni, na san abin da za ta tuna. In an ba ku hutu, ki zo Wurno ko kwana biyu ne. Ki tsehe mini, ki wanke mini kaina tun ina jin ɗumin ruwan.

Goggonki,
Husainatu